Saƙon da Ya Tafi Ijora

Kafin wata a cikinku ta sake ce min mai taurin kai, ku bari in ba ku labarin daga tushe, in ya so sai ku yanke min hukunci. Na ga saƙonninku. Wai Sa'adiya ta samu miji irin Boubacar tana wasa da damarta. Wallahi ba wasa nake yi ba. Ina son bawan Allahn nan, kuma ban taɓa jin nauyin faɗa muku ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Halima Sa'adiya. A Agege aka haife ni, a nan na girma, Hausa da Yarabanci duk ɗaya suke a bakina. Ina koyarwa a wata sakandare da ke bayan layin dogo, yara suna ce min Anti Sa'a. Boubacar kuwa a kasuwar Alaba yake, batura da faranten sola yake sayarwa. Danginsa mutanen Maraɗi ne, shi ya sa yake rubuta sunansa irin na Faransanci, in na tsokane shi ya ce ni ce ban waye ba. Maganarmu ta yi nisa. An gama bincike, an tsayar da ranar kawo gaisuwa, Umma har ta sa an yi wa falonmu sabon fenti ruwan madara, ta hana kowa jingina da bango.

Abin da ya jawo min rigimar nan wani shafi ne na intanet. Kun san in yaro ya shiga SS1 dole ya zaɓi ɓangare, ko kimiyya, ko kasuwanci, ko adabi. To a makarantarmu zaɓen nan abin dariya ne, abin kuka ne. Wannan ta bi ƙawarta, wancan ya guje wa malamin lissafi, wata kuma an ce mata ajin kaza ya fi saurin tashi. Sai an zo jarrabawar fita yaro ya gane hanyar da ya ɗauka ba ta zuwa inda yake so. Abin ya daɗe yana cin raina, har na ci karo da shafin nan. Kyauta ne. Zai yi ta yi wa yaro tambayoyi: me kake jin daɗin yi ko ba a sa ka ba, da mutane ka fi son aiki ko da kayan aiki, lissafi yana gundurarka ko yana ɗauke maka hankali. In an gama sai ya fito da sana'o'in da suka dace da kai, da darussan da za ka riƙe, har da bidiyon masu yin aikin.

Na roƙi shugaban makaranta ya ba ni tsohuwar kwamfutar ofis, na haɗa da wayata da datata. In an tashi sai mu zauna a ajin ƙasa, fanka ba ta aiki, in jirgin ƙasa ya zo wucewa sai kowa ya yi shiru ya jira. Ina fassara musu tambayoyin da Hausa, wasu da Yarabanci. Mazan ba su ba ni wahala ba, kowa so yake ya zama oga. 'Yan matan ne matsalar. Ki tambayi yarinya me take so, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi.

"Duk ɗaya ne, Anti."

"Ba duk ɗaya ba ne. Ke amala da tuwon shinkafa duk ɗaya ne a wurinki?"

Sai su fashe da dariya. Na ce musu su saki jiki su faɗi gaskiya, na'ura ce, ba ta san gidan kowa ba, ba ta kai tsegumi. Ni da bakina na faɗi haka.

A cikinsu akwai Radiyya. Doguwa ce, siririya, ba ta da magana, kullum ƙarƙashin farcenta da baƙin mai kamar bakanike. A gidan su Boubacar take, yana ce mata ƙanwata, tana ce masa Yaya. Amma asalinta 'yar Malam Mato ce, ƙanin Hajiya Mariamu, mahaifiyar Boubacar kamar yadda na sani a lokacin. Tun daga yaye aka ɗauko ta aka ba Hajiya riƙo. Hajiya tana da shagon atamfa da leshi da shadda a kasuwar Agege, kuma duk unguwa an san Radiyya ake tanada wa shagon nan.

Da layi ya zo kanta ba ta ce duk ɗaya ne ba. Ta amsa tambayoyin a natse, ba ta ko jira fassarata ba. Sakamako ya fito: injiniya, ɓangaren injina, har da na jiragen ruwa. Na danna mata bidiyon. Wata mata ce baƙar fata sanye da kayan aiki ruwan lemo, tana tsaye a cikin jirgi kusa da wani inji da ya fi ajinmu girma. Radiyya ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon.

"Anti, ashe mace tana shiga nan?"

"Ga ta kuwa kina gani."

"Don Allah a sake sa min."

Na sake sa mata, na kuma sakewa, har datata ta fara kuka. Ban taɓa ganin haƙoran yarinyar nan a waje ba sai ranar. A take na rubuta sunanta a ajin kimiyya.

Daga ƙarshe shafin yana da wani gurbi, a sa lambar iyaye don a tura musu sakamako da wasu tambayoyi nasu. Hadari ya haɗo, yara suna ta ƙorafin za su rasa motar danfo, ni kaina hankalina ya rabu.

"Anti, wace lamba zan sa?"

"Ta babanki mana. Ba iyaye aka ce ba?"

Ta ɗago ta dube ni. Ta buɗe baki, ta rufe. Sannan ta sa lambar ta danna. Ni kuwa na ce mai bi mata ta matso.

Sauran labarin daga bakin Boubacar na ji shi daga baya. Malam Mato direban tirela ne, in ba ya kan hanya a garejin Ijora za a same shi. Ba ya karanta Turanci, sai ya miƙa wa wani abokin aikinsa wayar. Shi kuwa wannan, Allah ya hore masa murya, ya miƙe tsaye a tsakiyar masu shan shayi yana karantawa yana fassarawa, wai ana taya ka murna, 'yarka tana da ƙwaƙwalwar injiniya. Gareji ya ɗauka. Washegari labari ya riga kowa isowa Agege. Wata mai sayen leshi ce ta fara yi wa Hajiya barka a shago, gaban mutane, ta ce ashe 'yar Mato injiniya za ta zama, har makaranta ta aika wa ubanta.

'Yar Mato. Yarinyar da Hajiya ta goya, ta yi wa tsarki, ta yi jinyar ƙyandarta.

Shi Malam Mato bawan Allah, da ya ga abin da ya faru, ya bar motarsa ya taho Agege. Tun ranar da ya miƙa 'yar nan bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa tambayar ajinta nawa ba, don haka ake yi. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ajiye wayar gaban yayarsa.

"Yaya, saƙonku ne ya yi ɓatan kai ya zo wurina. Ni ban san komai a kai ba."

Ina cikin aji wayata ta fara rawa a jaka. Da na fito na duba, saƙonnin Boubacar ne a jere a kan Hajiya, wadda suke kira Inna.

"Sa'a me kika yi wa Inna?"

"Abeg, don Allah ki kira ni."

"Ta je makarantarku. Ta ce a mayar da Radiyya ajin kasuwanci."

"Ta ce a dakata da maganar gaisuwa."

Na kira shi, muryarsa kamar wanda ya kwana bai yi barci ba. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Sa'a, da kin tambaye ni."

A gida na tarar da Umma a kicin tana yanka alayyafo, ta sha kunu, ko sallamata da ƙyar ta amsa. Labari ya riga ni.

"Ke wai boko ne ya cinye miki hankali? Yarinya tana hannun mace tun ba ta san kanta ba, ki tsallake ta ki aika wa wanda ya bayar?"

"Umma, wallahi ban yi da wata manufa ba. Gurbin ne ya ce iyaye."

"Gurbin ya ce. To gurbin ne zai aure ki?"

Ta ajiye wuƙar, ta leƙa tsakar gida ta ga ba kowa, ta rage murya.

"Bari in faɗa miki abin da ba a faɗa. Hajiya Mariamu ba ta taɓa haihuwa ba. Shi kansa wanda kike rawar kai a kansa ɗan yayarta ne, da zanen goyo aka kawo mata shi daga Maraɗi. Duk manyan unguwar nan sun sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Shekara da shekaru ana ce mata Maman Boubacar, Maman Radiyya. Sai ke, da wayarki, rana ɗaya kika tuna wa duniya."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na zauna a kan bokitin fenti na yi kuka sosai. Matar nan ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri. In na bi ta gaban shagonta sai ta kira ni ɗiyata, ta tura a sayo min fura.

Umma ba ta zauna ba. Washegari ta yafa babban mayafinta na zuwa biki, ta ɗauki turaren wuta mai kyau, ta tafi ba da haƙuri. Ta dawo da amsa. Hajiya ta ce ta ji, kuma ba ta ƙi ba, amma da sharaɗi. In zo da ƙafata, in faɗa a gaban Radiyya cewa na'urar nan kuskure ta yi, shirme ce, kada ta sa abin a ranta. In na faɗa, magana ta wuce, a kawo gaisuwa yadda aka tsara.

"Kalma ɗaya ce," in ji Umma. "Ki faɗa ki taso."

"Umma, ƙarya ce fa."

"Ƙaryar da za ta gyara gida biyu? Yarinyar nan ba 'yarki ba ce, Sa'adiya. Sa'anninki duk suna ɗakunansu. Ni na gaji da amsa tambayar mutane."

Kafin magariba Gwaggo Talatu ta Mushin ta cika min waya da saƙon murya, kowanne ya fi na baya tsawo. Wai tun ina ƙarama ta san bakina zai ja min. Wai kwamfuta ba ta taɓa yi wa kowa lefe ba. Na saurari biyu na kife wayar.

Ku fahimce ni, ranar Juma'a makaranta take rufe zaɓen ɓangare. Duk ajin da ranar ta samu yaro, a nan zai ƙare sakandare. In Radiyya ta wuce Juma'a a ajin kasuwanci, injin nan da ta gani sai dai a bidiyo.

Ranar Laraba na hange ta ta taga a sabon ajinta, a kujerar baya, littafi a buɗe amma idonta na kan fankar da ba ta juyawa. Da aka tashi ta same ni ina kulle kwamfuta a kabad. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsunta.

"Anti, in kin zo gidanmu ki ce ƙarya ce kawai. Ba komai. Yaya ko abinci ba ya ci."

"Zo nan. Ke kin yarda ƙarya ce?"

Ta girgiza kai.

"A'a."

"To ni ma ban yarda ba."

"Amma Anti, aurenku fa?"

Na ce ta wuce gida kada ta rasa mota. Da ta fita na zauna na daɗe. Ni na ce wa yaran nan su daina cewa duk ɗaya ne. Guda ɗaya ta ji maganata ta faɗi abin da ke ranta, yanzu kuma in je in tsaya gabanta in ce shirme ne? Da wane ido zan sake kallon sauran? Laifin da na yi wa Hajiya nawa ne, zan durƙusa a kansa ko sau nawa ne. Amma na ƙudura a raina ba da Radiyya zan biya shi ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar na shirya. Umma ta tsaya a kaina sai da na sa atamfar da Hajiya ta ba ni da sallah, kore mai zanen ganye, ɗinkin riga da zane. Ta hana ni jan baki, ta ce kwalli ya isa, ta zaɓo min hijabi ruwan toka har ƙasa. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna.

"Kin ji abin da na ce ko?"

"Na ji, Umma."

Na ji ɗin kuwa, ban dai ce zan yi ba. A cikin keke saƙon Boubacar ya shigo: "Ina gida. Ba zan shigo ba amma ina nan." Na tura masa: "Ka yi min addu'a."

Falon Hajiya yana hawa na biyu, ƙamshin turaren wuta tun daga matakala. Labule mai nauyi ruwan zuma, kabad cike da kwanukan tangaran, atamfofi a jere a lungu cikin leda, wata tsohuwar keken ɗinki an rufe ta da zane. Hajiya tana kan darduma ta miƙe ƙafa, shadda ruwan hanta a jikinta, carbi a hannu. Radiyya tana rakuɓe a gefen kujera. Ta ƙarƙashin labulen ƙofar ciki na hango ƙafafun Boubacar a tsaye.

Na zube a ƙasa na gaishe ta.

"Lahiya lau, malama."

Malama. Ba ɗiyata ba.

"Inna, na zo neman gafara. Na yi muku laifi babba. Ku ne uwar Radiyya, ku ne ubanta, ni da kowa mun sani. Gaggawa da rashin hankali suka sa na tsallake ku. Don Allah ku yafe min."

Ta ja carbi, ta ja, ba ta dube ni ba.

"Na yahe. Saura ɗayan. Ga ta nan, hwaɗa mata."

Na ciro wayata daga jaka na riƙe da hannu biyu.

"Inna, ba zan iya cewa ta yi ƙarya ba, don na'urar ba ta san komai ba sai abin da Radiyya ta faɗa mata. Amma rabin aikin aka yi. Akwai wasu tambayoyin da ba yaro ake yi wa ba, wanda ya raine shi ake yi wa. Ni kuma na tura su inda ba a san amsarsu ba. Ku amsa su da bakinku. In abin da ya fito ya saɓa da na Radiyya, wallahi a gabanku zan ce mata shirme ne."

Sai a lokacin ta ɗago ta zuba min ido.

"Ke, ni za ki yi wa jarrabawa da salula cikin ɗakina?"

Salula wai waya, haka suke cewa a can, makaranta kuma lakwal. Na ce ba jarrabawa ba ce. Ban jira izini ba, don na san in na jira ba zan samu ba. Na karanta ta farko ina fassarawa.

"In wani abu ya lalace a gida, me yarinyar take yi?"

Ana jin hon ɗin danfo daga titi. Na ce a raina shi ke nan, Sa'adiya, kin kashe aurenki da hannunki. Can sai Hajiya ta yi tsaki.

"Mi take yi? Ki ce mi ba ta yi. Ɗiyar ga tun tana ƙanƙanuwa take kwance mini kaya. Rediyona na Makka, da wuƙar cin abinci ta buɗe shi. Na bugi banza na bugi wofi."

"Ta mayar da shi?"

"Ta maishe shi mana. Har ya hi da kama tasha."

Radiyya ta cusa fuska a hijabi. Na danna amsa na wuce ta gaba, ko tana iya daɗewa a kan abu ɗaya ba ta gaji ba. Hajiya ta nuna keken ɗinkin da haɓa, ta ce wannan da anka ce ta mutu, yarinyar nan ta yi kwana da kwanaki a kanta, abinci sai an yi mata tsawa. Na tambayi ko tana son ciniki da mutane.

"Wa? Wagga? In na bar ta a shago mai saye ya shigo, sai ta tsaya tana kallonshi kamar ya zo da sammaci. Amma janareton maƙwabci ya yi tari, ta tashi."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba. Ita ma Hajiya bakinta ya motsa, ta yi sauri ta gyara fuska. Haka muka yi ta tafiya, tana amsawa da faɗa, tana ƙara labarin da ba a tambaye ta ba, har da ranar da wuta ta ja Radiyya ta hana kowa kai ta asibiti sai ita da kanta. Duk abin da ta faɗa, babu wanda Malam Mato zai iya sani. Sai na zo ta ƙarshe. Na so in tsallake ta, amma idona ya riga ya karanta, bakina ya bi.

"Me kuka fi jin tsoro game da gaban yarinyar?"

Carbin ya tsaya. Hajiya ta dubi bango.

"Aje salular nan," ta ce a hankali. "Ba sai ta hwaɗa mini ba. Kina tsammanin ban san abin da na raina ba? Na sani tun ba ki gama lakwal ba."

"To Inna, me ya sa..."

"Karatun ga ba a Agege a ka yin shi ba. Za ta tahi nesa, daga nan ta hau ruwa. Ɗiyar da kinka haihwa, ko ina ta je gidanki za ta dawo. Wadda anka ba ki, in ta yi girma ta yi suna, sai a tuna mai ita. Ga shi tun ba ta je ko'ina ba an hwara."

Radiyya ta rarrafo ta kifa kai a ƙafafunta tana kuka.

"Inna, ni ban san wani gida ba. Wallahi ban san wani gida ba."

Hajiya ta dafa kanta, ba ta ce mata ta yi shiru ba. Ni ma hawaye nake, na ji tausayin matar nan har cikin ƙashina, na kuma ji sanyi a raina don na ɗauka an gama. Ashe ban san Hajiya Mariamu ba.

Ta share ido da gefen mayafi. Ta jawo jakarta, ta zuge, ta ciro wani mabuɗi babba ɗaure da tsumman atamfa, ta ajiye shi a kan darduma tsakanina da ita.

"Na ji. Ta yi kimiyyarta. Yanzu zan kira mai lakwal ɗinku in hwaɗa mishi da bakina. Amma ki dube ni da kyau, malama. Gwiwa ta tahi, ido ya hwara tahiya. Shagon ga da kan talla na tashe shi, ba ni barin shi ga bare. Ɗiya guda na tanada mishi, ke kinka ɗauke ta. To wadda ta ɗauke ita za ta zauna. In an ɗaura, ki aje alli ki riƙe mini shago. Ɗauki, in kira shi."

Radiyya ta ɗago da jajayen idanu tana dubana, tana girgiza min kai a hankali. Ni kuwa ajin ƙasa nake gani, da layin 'yan matan da ko zama gaban kwamfutar ba su yi ba tukuna. Ina son koyarwa. Ban taɓa son wani aiki ba bayan shi, tun ina jera 'yan tsana a tsakar gida ina yi musu bulala. Ba na son zaman shago, ban iya ba, kuma tsoro ya kama ni.

Wayar ta yi motsi a hannuna. Daga bayan labule ne.

"Kada ki ɗauka, Sa'a. Haka aka miƙo min mabuɗin shagon Alaba, takardar shiga jami'a tana aljihuna. Za mu nemi wata hanya."

Na karanta, na sake karantawa. Bai taɓa faɗa min ba. Kullum in na ce ya iya lissafi sai ya yi dariya ya canza magana. Wata hanya kuma wace iri, gobe Juma'a?

Na kife wayar a cinyata. Ban ce na bar koyarwa ba, amma duk wanda ke ɗakin nan ya san ma'anar ɗaukar mabuɗi, ni ma na sani. Na miƙa hannu biyu na ɗauka.

"Na ɗauka, Inna. Ku kira shi."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Sannan ta ce Radiyya ta nemo mata lambar. Da aka ɗauka ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda take yi a kasuwa.

"Mariamu ce, uwar Radiyya. Ɗiyata, a maishe ta kimiyya."

Na juya wajen labule don in ga ko zai leƙo, ko da harara ce ya yi min. Ƙafafun ba sa nan. Sai ƙarar ƙofar ƙasa na ji, an buɗe an rufe.